Haƙarƙari Mai Cizo

Wichita, Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga jikata Kendra,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki. Ni dai yau na tashi da dama-dama. Ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ƙirjina yana gurnani kamar tsohon firiji, amma na sha shayi, na haɗiye ƙwayoyi bakwai ɗin da likita ya ɗora mini. Iska tun safe take dukan taga, ita kaɗai ce ta ƙwanƙwasa gidan nan a makon nan.

Kiran da kika yi jiya, rabinsa na ji. Na sha gaya miki ki daina wahalar da bakinki a waya. Wanda ya yi shekara talatin da huɗu kusa da injin buga ƙusa ba ya jin waya. Kina ta ihu, ina ta cewa na'am, muka rabu kowa ransa a ɓace. Amma magana biyu sun shiga kunnena. Kin ce jirgin nan mai tumbi da muka ƙera, wanda muke wa laƙabi da Agwagwa, har yanzu guda goma sha ɗaya suna tashi suna jigilar kaya. Kin kuma ce ke aka ɗora wa rubuta takardar da za ta faɗi wuraren da za a bincika a tankunansu na mai.

Na zaci an daɗe da yanka su an yi gwangwani da su. Da na san suna sama, da ban yi shiru ba.

Kin san aikina. Mu ne ɓerayen tanki, masu shiga cikin fiffike, inda tankin mai yake, da rarrafe, mu shafa danƙo a gaɓoɓi don kada mai ya yoyo, mu ɗaure wayoyin lantarki. A lokacin sanyin ƙanƙara na 1988 injiniyoyi suka ƙara wani bututu a fiffiken hagu, ya tare wurin da zane ya ce a kafa maɗaurin wayar ma'aunin mai. Hannu ba ya kaiwa, ko na yaro ne. Cikin fiffike akwai ƙarafa jere a tsaye, haƙarƙari ake ce musu. Shugaban aikinmu, marigayi Buell, ya ce, "Ku juya shi bayan haƙarƙarin, su masu farar riga za su gyara zanensu daga baya." Muka juya. Jirage goma sha huɗu muka yi wa haka kafin a canza bututun, kuma ba wanda ya gyara zane.

Abin da ke damuna shi ne, a can baya wayar tana wucewa kusa da gefen ƙarfe mai kaifi, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Shekara talatin da bakwai na girgiza, Kendra. In rigar wayar ta goge, tartsatsi ɗaya ya ishi tankin da ya cika da tururin mai. Ba sai na yi miki bayani ba, ke ce mai digiri.

Haƙarƙari na shida, fiffiken hagu, ta baya. Ki sa shi a takardarki.

Ki rubuto, kada ki kira. Ina roƙa miki kariyar Allah.

Kakanki,
Orval Penner

*

Tulsa, Jumma'a, 7 ga Maris

Kaka,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar? Ka ɗaga ta a kan matashi kamar yadda aka ce, kada ka ce mini ai ka san jikinka.

Na karanta wasiƙarka sau uku a tsaye. Haba Kaka! Shekara nawa ina zama a teburinka, ka ba ni labarin kowane ƙusa na jirgin nan, amma wannan ka riƙe shi? To, ya wuce.

Ga inda muke. Takardar za a rufe ta ran Litinin, 31 ga wata. Abin da ya shiga ya shiga, abin da bai shiga ba sai bayan shekara shida. Ba na iya rubuta "kakana ya ce" a cikinta, sai na nuna da ido. Akwai Agwagwa ɗaya da za ta shigo rumfarmu ta gyaran jirage ran Talata, kuma tana cikin sha huɗun nan, na duba lambarta. Sai an zuƙe man, an hura wa tankin iska kwana biyu kafin a buɗe.

Na je wa shugabana, Mista Tolliver. Ya saurare ni yana juya biro, ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce wanda ya ɗaura wayar da hannunsa. Ya ce, "Shekarunsa nawa?" Na faɗa. Ya ce, "To, kwana biyun da jirgin zai zauna a ƙasa, da sunanki za a rubuta su." Na ce a rubuta.

Ran 29 ga wata ranar haihuwarka ce, ban manta ba. Ina tafe. Ka ci abinci, ba shayi kaɗai ba.

Jikarka,
Kendra

*

Tulsa, Alhamis, 13 ga Maris

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Zan faɗa maka kai tsaye, don kai ka koya mini haka.

Babu komai a haƙarƙari na shida. Mun buɗe ƙaramar kafar da ke kusa da shi, muka zura kyamara, muka duba gaba da baya, sama da ƙasa. Maɗaurin yana nan daram inda zane ya ce, wayar kamar jiya aka saka ta. Babu bututun da ya tare komai. Na sa an duba na dama ma, ko ka juya hannu. Lafiya lau.

Mutum shida suka tsaya a bayana suna kallon allo. Wani makanike ya ce, "Injiniya, ko mu duba aljihun kakan naki?" Aka yi dariya. Mista Tolliver bai yi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai, "An gama?" Jirgin ya tashi yau da safe, ya makara kwana biyu, mai kaya yana ta bambami.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma jirage iri nawa ka shiga a rayuwarka? Ba mamaki wani ne daban. Na kuma karanta takardar sabon maganin da aka ba ka, an ce yana rikita tunani a wasu mutane. Don Allah ka tambayi likita, kada ka yi fushi.

Zan rufe takardar yadda take. Sai na zo ran 29.

Kendra

*

Wichita, Asabar, 15 ga Maris

Zuwa ga Consuelo Barragan,

Chelo, bayan gaisuwa, da fatan kina nan da ranki da lafiyarki. Adireshin nan a bayan katin ta'aziyyar matata Verna na samo shi, in kin tashi daga gidan ɗanki to wasiƙar ta ɓata. Na san shekara huɗu ban amsa katin ba. Ki ajiye faɗan, zan karɓe shi daga baya. Jikina ba daɗi, jiya na yi jiri a gaban murhu, sai da na riƙe ƙofar firiji har ya wuce.

Mu biyu muka rage cikin ɓerayen da suka yi Agwagwa. Ina so ki gaya mini ko na haukace.

Kin tuna maɗaurin da Buell ya sa muka juya baya a fiffiken hagu? Jiragen suna tashi har yau. Jikata Kendra, wadda kika taɓa ba alewar tsamiya ta yi kuka don yaji, ita ce injiniyar da ke rubuta takardar bincikensu. Na gaya mata haƙarƙari na shida. Ta kwantar da jirgi kwana biyu, ta zura kyamara, ta ce babu komai, an yi mata dariya. Yanzu ta ce magani ne ke magana a bakina.

Magani! Ni da nake iya faɗa miki ƙamshin danƙon da muka shafa a shekarar. Kin san mutanen cocinmu ba ma rantsuwa, i ɗinmu i ne. Na kai tamanin da biyu ba a nemi shaida a kan maganata ba, sai yau 'yar da na koya wa riƙe sukurdireba take aiko ni wurin likita. Kuma kyamara! Ana aika kyamara ta yi aikin mutum, sannan a zo a ce mutum ne ya ruɗe.

Amma Chelo, na zauna na ƙirga da yatsu har sau goma, shida nake samu. In ni ne na ruɗe, ki faɗa mini, in je in ba yarinyar haƙuri in yi shiru har a binne ni. In kuwa ban ruɗe ba, ran 31 za a rufe takarda, kuma akwai matuƙa biyu-biyu a cikin kowane jirgi, masu iyali.

Ki amsa da wuri, ba don halina ba.

Abokin aikinki na dā,
Orval

*

Garden City, Laraba, 19 ga Maris

Tsohon ɓera,

Ashe kana da rai! Na riga na kunna maka kyandir a coci sau biyu, ka biya ni. Gaisuwa kuma ka samu, ko da yake ba ka cancanta ba. Ni lafiyata ƙalau ban da gwiwoyi, su kam tun a tanki na bar su.

Ba ka haukace ba. Wauta ce kawai, irin wadda ka saba.

Ka gaya wa injiniya "na shida"? Orval, shida daga ina? Su masu farar riga daga jikin jirgi suke fara ƙirga, su nufi bakin fiffike, suna zaune a kujera da kofi a hannu. Mu kuwa wa ya taɓa ganin jikin jirgi daga ciki? Daga ƙofar da muke shiga muke ƙirga, muna rarrafe muna nufar jiki, kowane haƙarƙari gwiwa ta gaya mana lambarsa. Shidanmu ba shidansu ba ne. Shekara talatin da huɗu kana wannan aiki, sai ka aika yarinya gidan da ba kowa.

Kuma tun yaushe muke ce masa na shida? Mai Cizo muke ce masa. Naɗe hannun rigarka na dama ka dubi gwiwar hannunka. Ka ga tabon? Nawa ma yana nan, jikokina suna tambaya ko kare ne. Duk wanda ya miƙa hannu bayan haƙarƙarin nan sai gefen ya yanke shi. Ka tuna ranar da ya kama abokin aikinmu Lyle, ya fito yana zagi, Buell ya ce, "Kada ka zubar mini da jini a tanki, ba ya cikin zane"? Ƙarfen da ya ci fatarmu ta cikin riga, me zai hana shi cin rigar waya?

Na san abin da ya faru. Ka zauna rubuta wa mai digiri wasiƙa, ka ji kunyar maganar ɓeraye, ka sa lamba don a ce kai ma ka yi makaranta. Tun dā haka kake, kai kaɗai ke zuwa aiki da biro a aljihu.

Ni ma ba wankakkiya ba ce. Na rubuta maganar nan a takarda a lokacin, na jefa a akwatin shawara. Da aka yi shiru sai ni ma na yi shiru, ga yara uku, ga ana ta sallamar ma'aikata. Kwana biyun nan ban iya cin abincin kirki ba.

Ka gaya mata kyamara ba za ta gani ba, bututun ya tare. Sai mutum ya shiga, mai ƙananan kafaɗu, ya kwanta ta gefen hagu, ya miƙa hannun dama. Kuma ka ba ta haƙuri da bakinka, ba zai kashe ka ba.

Ka ci abinci. Verna da tana nan da ta ja maka kunnen da ba ya ji.

Chelo

*

Wichita, Asabar, 22 ga Maris

Zuwa ga jikata Kendra,

Bayan gaisuwa, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ƙafa ta ɗan saɓe. Likitan da kika aike ni wurinsa na je, ya ce ƙwaƙwalwata ta fi tasa, na so ya rubuta in aiko miki, ya ƙi.

Ga wasiƙar Chelo na haɗo miki, ki karanta, ki tsallake zagin. Kuskure nawa ne. Na ba ki lamba irin tamu, kika karanta ta irin taku. Na jawo an yi miki dariya a gaban ma'aikata, na kuma ɓata miki suna wurin shugabanki. Ki yi haƙuri. Na rubuta, ga shi nan da tawada, ki ajiye don ba lallai ki sake gani ba.

Amma ke ma da laifinki. Mutum ya ce miki da rarrafe ya yi aikinsa, ba ki tambaye shi ta ina ya shiga ba? Me ake koya muku a jami'ar?

Ki ɗauki zanenki, ki sa yatsa a kan babbar ƙofar da ke ƙarƙashin fiffike, wadda mutum ke iya shiga. Ki ƙirga shida kina nufar jikin jirgi. Inda yatsanki ya tsaya, nan ne.

Na san na riga na ƙone miki dama ɗaya, kuma ba ni da bakin neman ta biyu. Ina nema duk da haka. Ni na juya maɗaurin nan, guda tara cikin sha huɗu da hannuna. Ban taɓa gaya wa kakarki ba. Ba na son in je in same ta da shi.

Ran Asabar zan yi miki burodi mai kabeji da nama a ciki, irin nata. Oleta maƙwabciyata za ta kai ni kasuwa in sayo kabejin.

Kakanki,
Orval Penner

*

Tulsa, Laraba, 26 ga Maris

Kaka,

Ina gaisuwa. Na sa yatsa, na ƙirga. Na tara ne a zanenmu. Kuma akwai bututu a wurin, a tsohon zane na gyara da ba wanda ya buɗe tun kafin a haife ni. Na zauna ina kallonsa, ban san ko in yi dariya ko in jefar da kwamfutar ta taga ba. Shida daga ƙofa! Ku mutanen nan, ba wanda ya taɓa tunanin ya rubuta?

Na koma wa Mista Tolliver. Ya ce, "Yanzu kuma tara? Mako mai zuwa sha biyu?" Na nuna masa bututun. Ya ce bututu ba waya ba ne. Ba zai sake kwantar da jirgi don ni ba, kuma in na sake jawo asarar awa ɗaya a banza, zai ba wani takardar ya ƙarasa.

Akwai wata Agwagwa da za ta shigo ran Alhamis a canza mata famfon mai, tankinta zai kasance a buɗe har Asabar da yamma. Sai dai makanikiyarmu mai ƙaramin jiki tana hutun haihuwa, sauran duk kafaɗunsu kamar ƙofar gareji. Ni ina da takardar izinin shiga tanki, na yi horon shekara uku da suka wuce, ban taɓa amfani da ita ba. Ka san ni da wuri mai matsi, ko lif ɗin hawa bene ba na so.

Ban yanke shawara ba, kada ka matsa mini. Ka dai sa ran zuwana Asabar da ƙarfe biyu. Kada ka tsaya a gaban murhu kai kaɗai.

Kendra

*

Wichita, Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Chelo,

Gaisuwa. Yau na cika tamanin da uku, bayana kamar an taka shi da mota, don tun safe nake tsaye ina murza ƙullu.

Na yi burodi goma sha biyu. Na shimfiɗa mayafin teburin Verna, na ɗaura taye a wuya. Ƙarfe biyu na zauna a bakin taga. Uku ta yi, huɗu ta yi, duk motar da ta shawo kwana sai in miƙe, ƙafar nan kuwa ba ta son miƙewa.

Wajen biyar sai ga Oleta ta shigo ba ko ƙwanƙwasawa, waya a hannu, tana yi mini ihu a kunne. "Jikarka ta kira! Tana asibiti! Wani abu ya cije ta!"

Na ce, "A ina?"

"A gwiwar hannu! Ɗinki uku! Na tambaye ta karen waye, sai dariya take yi, ina jin allurar ce ta bugar da ita!"

Na ce, "Hannun dama?"

Ta tsaya tana kallona. "Ya aka yi ka sani?"

Sai ta ciro takardar da ta rubuta saƙon, ta ce ita ba ta gane komai ba, ta karanta mini: wayar tankin ta goge har jan ƙarfe ya fito, an hana jirage sha ɗaya tashi sai an duba su, kuma a gaya wa Kaka da Chelo an rubuta na tara, an sa "Mai Cizo" a gefe don 'yan baya.

Oleta ta ce, "Orval, kuka kake yi?" Na ce albasa ce. Ta ce albasar tun safe? Na ba ta burodi huɗu don ta tafi.

Ɗinki uku, Chelo. Kin rubuta ƙarara cewa gefen yana yanka, na aika mata wasiƙar da hannuna, yarinyar nan ba ta iya naɗa tsumma a hannu kafin ta miƙa ba. Digiri biyu!

Saura burodi takwas, sun huce. In ɗanki zai iya kawo ki, ki zo ki ci, ki yi mini faɗan da na ce ki ajiye. Na cire tayen. Kendra dai ba ta zo ba.

Naki,
Orval